Idan mai kaya ya ce "albarka": laƙaba wa hirar Hausa aikin kowane furuci

Akwai wani aiki da masu nazarin harshe da masu ƙera manhajojin sauraren magana suke dogaro da shi, wanda ba kasafai ake jin labarinsa ba. Ana ɗaukar muryar mutum biyu ko fiye suna hira, a mayar da ita rubutu, a yanyanka ta furuci-furuci, sannan a rubuta a gefen kowane furuci abin da mai magana ya aikata da shi: ko tambaya ya yi, ko labari ya bayar, ko umarni, ko alkawari ya ɗauka, ko amincewa ya yi, ko ƙi, ko kuwa yana nuna wa abokin hirarsa ne kawai cewa kunnensa yana tare da shi. Wannan ɗan rubutu na gefe shi muke kira laƙabi. Ni da wasu abokan aiki a nan Garwa ta ƙasar Kamaru muna yin haka a kan hirarrakin Hausa da aka ɗauka da yardar masu su, wasu a kasuwa, wasu a zaure, wasu a cikin gida, wasu ta waya, bayan an shafe sunaye da duk abin da zai sa a gane mutum. Ra'ayin da aikin ya kafa mini shi ne, kalmomin furuci ba su isa su gaya wa mai laƙabi aikin da furucin ya yi ba, sai ya ji muryar da kunnensa, ya san wane ne yake magana da wa, ya kuma duba yadda wanda aka yi wa maganar ya ɗauke ta.

Duk wanda ya zauna gaban malami ya ɗauki karatun balaga, wato ilimin fasahar magana a Larabci, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Malaman ma'ani, tun daga Sakkaki da ya rasu a 1229 zuwa Ƙazwini da ya taƙaita aikinsa, sun raba magana gida biyu: habari, wato wadda za a iya ce wa mai ita ya yi gaskiya ko ya yi ƙarya, da insha'i, wanda ba a gaskata shi ba a kuma ƙaryata shi, kamar umarni da hani da tambaya da buri da kira. Sun kuma lura cewa siga takan bar ma'anarta ta asali, tambaya ta koma musu ko tsawatarwa ko mamaki, umarni ya koma addu'a idan bawa ne ya fuskanci Ubangijinsa da shi. Masana fiƙihu sun san akwai furucin da faɗarsa ita ce aikata shi, domin idan waliyyi ya ce "na bayar", wakilin ango ya ce "na karɓa" a gaban shaidu, ba labarin aure suka bayar ba, auren suka ɗaura. A ɓangaren Turawa, John Austin, malamin falsafa a Oxford ta Ingila, shi ne ya fito da wannan batu sarari a laccocin da ya gabatar a Harvard a 1955, waɗanda aka buga a 1962 bayan rasuwarsa. John Searle na Amurka ya ɗora a kai, ya kasa ayyukan magana kashi biyar: tabbatar da abu, neman mai sauraro ya aikata, ɗaura wa kai aikatawa, bayyana abin da ke zuciya kamar godiya da ta'aziyya, da kuma sauya halin al'amari da furuci kamar naɗin sarauta ko saki.

Kashi biyar sun ishi mai falsafa da yake ƙirƙirar misalansa shi kaɗai a ɗaki, amma ba su ishi wanda aka miƙa wa hirar gaske ba, wadda take cike da "mm" da "e" da jimlolin da aka fara ba a ƙarasa ba. Babban gwajin da ya zama abin koyi an yi shi ne a Amurka. A 1990 da 1991 kamfanin Texas Instruments ya tara hirarrakin waya kimanin 2,400 tsakanin mutane fiye da 500, tarin da ake kira Switchboard. A 1997 wasu masana a Jami'ar Colorado, ciki har da Daniel Jurafsky, suka sa ɗaliban nazarin harshe suka laƙaba wa 1,155 daga cikinsu, wato furuci kusan 205,000. Laƙabin da suka fito daga hannun ɗaliban sun kai wajen 220, aka tattare su suka koma 42. Abin da ƙididdigar ta nuna yana da ban sha'awa: kashi 36 cikin 100 na furucin ba da labari ne zalla, kashi 19 nuna sauraro ne irin su "mm-hm", kashi 13 faɗin ra'ayi ne. Gaisuwar buɗe hira ba ta kai kashi 1 ba, haka ma umarni, haka ma tayi da alkawari.

Aiki ne mai daraja, kuma daga jerin laƙabinsa muka fara namu. Sai dai wajibi ne a tuna irin hirar da aka gina shi a kanta. Mutum biyu ne da ba su san juna ba, na'ura ta haɗa su, ta ba su maudu'in da za su tattauna na ɗan lokaci, kuma babu mai neman komai a wajen ɗan'uwansa. Babu ciniki a ciki, babu biko, babu suruki, babu almajiri a gaban malaminsa. Hirar da muke ɗauka a Garwa kusan kullum tana da abin da ake nema, kuma kusan kullum akwai babba akwai ƙarami.

Kalmar da ta fi cin lokacinmu ita ce "to". Goggo tana ba da labarin tafiyarta Ngaundere, 'yar ɗan'uwanta tana saka "to" a duk inda ta numfasa. Wannan nuna sauraro ne kawai, ba ta amince da komai ba, ba ta kuma ɗauki nauyin komai ba. Alhaji ya ce wa yaron shagonsa, "Ka kai wa Malam buhun nan kafin la'asar," yaron ya ce, "To, Alhaji". Wannan karɓar umarni ne, kuma akwai alkawari a cikinsa, domin idan la'asar ta yi buhu yana nan za a tuhume shi da wannan "to" ɗin. Mai kiran waya ya ce, "To, shi ke nan, a gaida gida," nan kuma "to" sanarwa ce cewa an kama hanyar sallama. Saurayi ya gaya wa mahaifiyarsa cewa zai tafi Njamena neman aiki, ta yi jim, ta ja kalmar ta ce "tooo"; duk ɗan da ya girma a gidan Hausa ya san ba izini aka ba shi ba, an dai ajiye maganar ne sai babansa ya dawo. A takarda duka huɗun haruffa biyu ne iri ɗaya. Muhimmancin bambancin yana fitowa idan aka yi tunanin manhajar da za ta yi wa majinyaci bayanin magani ta waya: idan ta ɗauki "to" na sauraro a matsayin "na gane, zan kuma yi", za ta wuce gaba alhali mutumin yana jiran a ƙarasa masa bayani ne. "Na ji" ma haka take, domin wani lokaci shaidar isar magana kunne ce, wani lokaci amincewa, wani lokaci kuma hanyar rufe bakin mai nasiha cikin ladabi.

Mafitarmu ta farko ba mu muka ƙirƙiro ta ba. Tsarin da James Allen da Mark Core suka fitar a 1997, wanda ake kira DAMSL, ya ce a dubi kowane furuci ta fuska biyu, abin da yake yi wa maganar da ta gabace shi da abin da yake ɗora wa wadda za ta biyo baya. Tun kafin nan, a 1974, Harvey Sacks da Emanuel Schegloff da Gail Jefferson, masu nazarin yadda mutane suke karɓar magana daga bakin juna, sun nuna cewa amsar da mutum ya bayar ita ce shaidar yadda ya fahimci abin da aka gaya masa. Saboda haka ƙa'idar da muka rubuta a kan gaba ita ce kada mai laƙabi ya yanke hukunci a kan furuci sai ya saurari abin da ya biyo bayansa. Ba zuciyar mai magana aka sa mu karanta ba, abin da ya bayyana tsakanin mutanen biyu shi ne namu.

A ciniki ne wannan ƙa'ida take nuna amfaninta sosai. Ga irin abin da ake ji a rumfar mai atamfa:

"Alhaji, turmin nan nawa?"

"Dubu goma sha biyu, Hajiya."

"Haba Alhaji, ni ce fa. Na saya takwas."

"Albarka."

"To, tara."

"Ki dai ƙara kaɗan, wallahi bai kai uwar kuɗi ba."

"Tara da rabi, ba ni da fiye da haka."

"Na sallama. Allah ya sa albarka."

"Ni ce fa" sigarsa ta ba da labari ce, amma babu labarin da aka ba Alhaji, domin ya san wadda ke gabansa. Neman ragi ne da aka jingina da sanayya. "Na saya takwas" sigar abin da ya riga ya faru ce, alhali ba a sayi komai ba tukuna, tayi ne. "Albarka" ta farko ƙin tayi ce, kuma hujjar mai laƙabi ita ce Hajiya ta ƙara kuɗi nan take, ba ta miƙa hannu ta ɗauki turmi ba. "Na sallama" yana cikin furucin nan da faɗarsa take aikata shi, da shi kaya suka fita daga hannun mai su. Albarkar ƙarshe kuwa addu'a ce ta rufe ciniki. Wanda ya koyi Hausa daga ƙamus zai sa wa albarkar biyu laƙabi ɗaya, na'urar da aka horar da aikinsa kuma za ta riƙa ganin an daidaita a daidai inda aka ƙi.

Gaisuwa, wadda ba ta kai kashi 1 ba a wancan tarin na Amurka, a namu takan cinye farkon hira gaba ɗaya, wani lokaci a sake dawo da ita a tsakiya idan magana ta tsaya. "Ina kwana?", "Ina gajiya?", "Yaya iyali?", "Yaya zafi?" duka sigar tambaya gare su, amma amsoshinsu a shirye suke tun kafin a buɗe baki: lafiya lau, ba gajiya, suna lafiya, lokacinsa ne. Idan aka sa musu laƙabin neman bayani an ɓata ƙididdiga, idan kuma aka dunƙule su duka a ce "gaisuwa" an zubar da abin da yake cikinsu, wato wane ne ya fara, wane ne ya tsawaita, wane ne ya katse. Wanda ya tsallake gaisuwa ya faɗa kan magana ya riga ya sanar da fushi ko gaggawa. Akwai kuma wurin da ya fi wannan laushi. Ɗa ya kira mahaifinsa da ke kwance, ya ce, "Baba, yaya jiki?", aka ce, "Da sauƙi," wannan gaisuwa ce, domin ko ana cikin tsanani haka ake amsawa. Bayan an gama zagayen gaisuwa sai ya sassauta murya ya sake cewa, "Baba, yaya jikin dai?", tsohon ya fara bayanin yadda ya kwana da abin da likita ya ce. Kusan kalmomi ɗaya ne, amma na biyun tambaya ce ta gaske, kuma amsar ce ta tabbatar da haka.

A nan muka sami taimako daga ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 24617-2, wanda aka fitar a 2012 aka sabunta a 2020, Harry Bunt na Jami'ar Tilburg da ke Holan yana cikin jagororinsa. A bugunsa na farko ya raba ayyukan furuci fuska tara, daga cikinsu akwai ainihin abin da ake tattaunawa, da nuna fahimta, da karɓa ko miƙa magana, da neman ɗan lokacin tunani, da sauke haƙƙin zamantakewa kamar gaisuwa da godiya da ba da haƙuri. Babban alherinsa shi ne ya yarda furuci ɗaya ya ɗauki laƙabi fiye da ɗaya, ya kuma bar ƙofa ga mai amfani da shi ya ƙara abin da hirarsa take bukata. Abin da muka ƙara shi ne addu'a, domin da ita Bahaushe yake yin rabin hulɗarsa. "Allah ya saka da alheri" godiya ce, "Allah ya jiƙan rai" ta'aziyya ce, "Allah ya kiyaye hanya" sallama ce, "Allah ya ba da haƙuri" da ake gaya wa mai bara hana shi ne cikin mutunci, "Allah ya sawwaƙe" wani lokaci jaje ne wani lokaci ƙyama, "Allah ya sa" kuma takan ɗauki shakka idan aka faɗe ta da wata murya. Wasu daga cikinmu sun so a sa laƙabin aikin zamantakewar kawai a manta da sigar addu'ar. Ban yarda da haka ba, kuma dalilina na aiki ne: "amin" da ke biyo baya tana bukatar abin da za a rataya ta a jikinsa, kuma idan aka yi addu'a aka hana ta "amin", wannan ma magana ce da ya kamata ta bayyana a rubutunmu. Don haka muke sa biyu, ɗaya na addu'a, ɗaya na abin da aka yi da ita.

"In sha Allahu" ta jawo doguwar muhawara, musamman a bakin tela ana saura kwanaki kaɗan salla. Matsayar da muka tsaya a kai ita ce alkawari alkawari ne ko da mai shi bai yi niyyar cikawa ba, wanda kuma shi ne ra'ayin Austin tun farko, domin ba a ba mu aikin tantance masu gaskiya ba. Amma idan wadda ta kawo ɗinkin ta amsa da "Malam, ka dai tabbata?", muna ƙara alamar cewa alkawarin ya isa gare ta da rauni.

Duk wannan ba zai yiwu daga takarda ba, kuma a Hausa dalilin ya fi na wasu harsuna ƙarfi, domin rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Ya zo" a rubuce yana iya zama labari cewa mutumin ya iso, yana iya zama tambaya idan aka ɗaga murya a ƙarshe, yana kuma iya zama umarni cewa a ce masa ya shigo, idan "ya" ɗin gajere ne mai karin sautin ƙasa. "Ka tafi" ma haka. Shi ya sa muke aiki da ELAN, manhajar kyauta da cibiyar Max Planck ta nazarin harshe da ke Nijmegen a Holan ta ƙera, wadda take jera murya da rubutu da laƙabi layi-layi a kan lokaci guda, mutum ya danna furuci ya sake jin sa sau nawa ya ga dama. Ko a Turanci, binciken da Andreas Stolcke da abokan aikinsa suka buga a 2000 a kan wancan tarin na Switchboard ya nuna na'ura tana dacewa da laƙabin daidai a kashi 71 cikin 100 idan an ba ta rubutun da mutum ya yi, kashi 65 idan ita ta ji kalmomin da kanta, alhali mutane suna dacewa da juna a kashi 84, kuma hawa da saukar murya suna cikin abin da ya taimaka wajen raba tambaya da labari.

Shiru ma yana bukatar layinsa. Wani bincike da Tanya Stivers da abokan aikinta suka buga a 2009 a kan harsuna goma ya gano cewa tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa a matsakaici ba ta wuce kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba, kuma amsar musu takan makara fiye da ta amincewa. Mu ma muna jin wannan jinkiri kafin "a'a". Sai dai a wajenmu akwai shirun kunya, wanda ba musu ba ne: budurwar da baffanta ya tambaye ta game da manemi ta sunkuyar da kai, wadda fiƙihu ma ya ɗauki shirunta a matsayin izini, ko amaryar da take amsa wa surukinta da muryar da rikoda ba ta kamawa. Akwai kuma habaici, inda mace take yi wa ɗanta faɗa a tsakar gida alhali kishiyarta ce abin nufi. Mun ware gurbi biyu saboda wannan, na wanda aka fuskanta da magana da na wanda aka nufa da ita, kuma ba ma cika na biyun sai in wadda aka nufa ta tanka ko wani ya shiga ba da haƙuri.

A Garwa da Marwa ba a rasa cakuɗar harsuna a hira ɗaya: a yi gaisuwa da Fulatanci, a yi ciniki da Hausa, a faɗi lambar waya da ranar wata da Faransanci, a rantse da Larabci, a Kusiri da ke kan iyakar Chadi kuma Larabcin Chadi ya shigo. Sauya harshen kansa yakan zama alama, kamar mai ba da labari da ya koma Faransanci domin ya kwaikwayi maganar ma'aikacin ofis, wanda laƙabinsa ɗauko maganar wani ne, ba umarnin mai magana ba. Ƙungiyar da babu mai kunnen Fulatanci a cikinta ba za ta iya wannan aiki a nan ba.

Saura batun yadda ake sanin ko laƙabin abin dogaro ne. Ana ba mutum biyu hira ɗaya, kowa ya yi nasa ba tare da ya ga na ɗan'uwansa ba, sannan a gwada. Ƙirga inda suka dace kawai bai isa ba, domin idan fiye da kashi ɗaya cikin uku na furuci labari ne, malalata biyu ma za su dace sau da yawa ta hanyar sa "labari" a ko'ina. Saboda haka ake amfani da ma'aunin kappa da Jacob Cohen ya fitar a 1960, wanda Jean Carletta ta ja hankalin masu wannan fanni zuwa gare shi a 1996. Yana cire dacewar da sa'a kaɗai za ta iya kawowa, kamar yadda mai awon auduga yake cire nauyin buhu kafin ya rubuta nauyin kaya. Masu aikin Switchboard sun sami 0.80, wanda ake ɗauka sakamako mai kyau, amma a tuna sun same shi ne bayan sun tattare laƙabi 220 zuwa 42. Hanya mafi sauƙi ta ɗaga wannan lamba ita ce a rage bambance-bambance, a zuba duk "to" a gurbi ɗaya, kuma wannan ita ce hanyar da nake ganin bai kamata mu bi ba. Idan biyu daga cikinmu suka saɓa, mukan sake saurare tare. Mafi yawan lokaci takardar ƙa'idojinmu ce ba ta fayyace ba, sai mu gyara ta mu saka misalin a ciki. Wani lokaci kuma saɓanin yana nan ko bayan sauraro, kuma na lura matan da ke cikinmu sukan ji habaici a inda maza suka ji magana ta fili, dattawa kuma sukan ji rashin kunya a tambayar da matasa suka ɗauka neman bayani ne kawai. A irin wannan wuri ba ma tilasta wa ɗaya ya janye. Mukan bar laƙabin biyu a fayil, mu rubuta jinsi da rukunin shekarun wanda ya sa kowanne, domin wanda zai horar da na'ura ko ya yi nazari da wannan tari ya san cewa furucin yana da ji biyu a kunnen Hausawan Garwa kansu.